“Me Ya Canza?”: Jinjina ga Malam Mudi Mai Waya

Duk wanda ya saba bin hanyar Funtua zuwa Bakori da sassafe ya san wani tsohon babur ja da bai san sauri ba. 'Yan acaɓa na wuce shi, motocin hatsi na wuce shi, har mai keke in ya ƙudura niyya sai ya sha gabansa. A bayan babur ɗin akwai naɗin waya shuɗiya da guntun tsani, a kansa kuma wani dattijo ne siriri mai farin gemu, rataye da jakar fata da ta sha duniya. Shi ne Malam Mudi, wanda tun daga Dandume har Malumfashi ba a san shi da wani suna ba sai Mudi Mai Waya. In ya idar da sallar asuba ya sha kokonsa, sai ya kunna wayarsa ya saurari koke-koken da suka kwana suna jiransa: mai shagon buga takardu a Maska intanet ɗinsa ta ɗauke, wani ɗakin shan magani kwamfutocinsa sun daina magana da juna, wani dillalin masara ya kasa tura wa abokin cinikinsa saƙo. Ba ya duba wa ya fi babbar riga. Wanda ya fi shiga uku yake fara zuwa wa.

Bana ya rataye jakar. Ido ya yi rauni, gwiwa ta fara tsegumi, 'ya'yansa sun ɗauke tsanin sun ɓoye. Ba a yi taro ba, ba a kira maroƙi ba, ko lemo ba a sha ba. Ni kuwa Allah bai yi ni da bakin da ke riƙe magana ba. Sunana Raudatu, malama ce ni a makarantar al'umma ta wani gari da ke tsakanin Bakori da Malumfashi, kuma ɗakin kwamfutarmu a hannuna yake. Yabon gwani ya zama dole, to yau ni zan yi, saboda abin da mutumin nan ya yi wa garinmu, da abin da ya yi wa wata baiwar Allah mai suna Hajo, wadda zan zo kan labarinta.

Malam Mudi ya fara aiki ne tun zamanin wayar tarho ta girke, yana hawa falwaya yana haɗa layi. Da wayar hannu ta shigo, sana'ar ta mutu a tsaye. Abokan aikinsa wasu suka koma gona, wasu suka kama tireda. Shi kuwa sai ya nufi shagon intanet na Ogochukwu, wata 'yar kasuwa da aka haifa a Funtua, wadda in kana bayan labule ba za ka raba Hausarta da ta 'yan gari ba. Ya roƙe ta ta bar shi ya riƙa zama yana kallo. Bai ji kunyar a ce magidanci na koyon aiki wurin ƙanwar bayansa ba. Ya ce mata waya dai waya ce, in ya gane inda ta fito da inda za ta, sauran mai sauƙi ne.

Ogochukwu ce ta ba ni labarin ranar da ta tabbata ɗalibinta ya gama karatu.

“Intanet ɗina ta koma tafiyar hawainiya,” in ji ta. “Ba irin faɗan da ban yi wa masu kawo mani sabis ba. Baba Mudi ya shigo, ko waya ɗaya bai taɓa ba. Ya fita ya zagaya bayan shago, ya dawo ya ce, ‘Ogo, ashe kin buɗe reshe ba ki gaya mana mun zo murna ba?’ Na leƙa, sai ga samarin unguwa sun yi sahu a gindin katanga, kowa da waya a hannu, suna kallon ƙwallo da lambar sirrina. Mutum ɗaya na taɓa ba, shi ya ba abokinsa, abokin ya ba duniya.”

Na tambaye ta ko shi ya canza mata lambar. Ta ce ina! Zaunar da ita ya yi, ya sa ta canza da hannunta, ya sa ta sake, har sai da ya ga ta iya.

Wannan ita ce ɗabi'arsa, kuma ita ta bambanta shi da sauran masu gyara. Wasu in sun zo sai su juya maka baya, su danna abin da za su danna, su tafi su bar ka cikin duhu don gobe ma ka neme su. Malam Mudi ba ya gyara sai kana tsaye a kansa. Kafin ma ya buɗe jaka, sai ya gaisa da kowa har da mai shara, ya nemi wuri ya zauna, sannan ya yi tambayarsa da kowa a yankin nan ya haddace: “Yaushe rabon da ta yi aiki lafiya? To, daga lokacin zuwa yanzu, me ya canza?” Mutane kan ce babu abin da ya canza. Sai ya yi murmushi ya ce a dai sake tunani. Can sai wani ya tuna an gusar da tebur, ko an zare wani fulogi an sa cajin waya, ko an yi tsawa daren jiya. A cewarsa, intanet ba ta da aljanu. In ta ɗauke, ko dai wuta ce ba ta kai ga na'ura ba, ko waya ta sami rauni, ko wani abu ya tare hanya, ko kuma mutane sun yi mata yawa.

A wani ƙaramin asibiti da ke wajen Dandume, ma'aikatan sun shaida mini cewa har sun yanke ƙauna da wata kwamfuta, sun ce kanta ya ƙone. Ya juya akwatin da ke rarraba musu intanet, ya haska ramin da waya ke shiga, ya ce, “Kun yi baƙo, har ya gina ɗaki.” Zanzaro ne ya cike ramin da laka. Da tsinke ya sallami baƙon. Shi ne kuma ya koya wa rabin shagunan Funtua cewa in hadari ya haɗo, kashe na'ura kaɗai bai isa ba, sai an zare fulogi an zare wayar da ta shigo daga waje, don ta nan tsawa ke bi ta cinye kaya.

Kai ne mai bin waya har gindinta, Malam Mudi. Kai ne ba ka taɓa ce wa mutum “ba za ka gane ba.” Na sha ganin ka kana yi wa tsoho bayani da misalin lambar gida, cewa in kwamfuta biyu suka ɗauki lamba ɗaya, saƙo sai ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, har tsohon ya gyaɗa kai ya ce ai wannan ko a unguwa haka yake.

To, bari in zo kan Hajo.

Hajo ita ke sayar da ɗanwake a ƙofar makarantarmu. Matar aure ce mai 'ya'ya, ta bar karatu tun da daɗewa. Garinmu ba mu da ƙwararriyar ungozoma, in haihuwa ta zo da gardama sai an ɗauki mace a mota zuwa Funtua ko Malumfashi, wata a kai, wata a dawo da ita daga hanya. Ƙanwar Hajo na cikin waɗanda aka dawo da su daga hanya. Tun daga nan ta ɗaura ɗamara. Ta koma aji, tana dafa ɗanwake da safe tana bitar darasi da yamma, mijinta na taya ta da yara, har ta haɗa takardun sakandare. Abin da ya rage mata shi ne jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda a kwamfuta ake yin ta, don ta samu gurbin karatun ungozoma.

Bara aka tura ta wata cibiya mai nisa. Ranar tafiya aka ce hanya ba lafiya, direbobi suka ƙi tashi da wuri, ta isa an rufe ƙofa. Ta dawo, washegari ta ɗora tukunyarta. Sai da na matsa mata sannan ta ce, “Malama, baɗi zan ƙara gwadawa. In bai yiwu ba na haƙura, ba zan yi ta wahalar da bawan Allah da yarana ba.” Na san Hajo, in ta ce ta haƙura to ta haƙura.

Saboda irin su ne mutanen gari suka haɗa ƙarfi aka faɗaɗa ɗakin kwamfutarmu, aka nemi a amince da shi ya zama cibiyar jarrabawa, yaranmu su yi a gida. A tsakiyar damina aka kafa mana eriya a kan rufi, wani ɗan faranti da ke fuskantar ƙarfen sabis na can bakin babban titi. Ranar da aka kunna, intanet kamar ruwan famfo. Muka yi ta murna. Bayan kaka sai ta fara tari. Yau ta zo, gobe ta tafi. Kafin tsakiyar rani ta ɗauke ɗif. Ga shi masu duba cibiyoyi sun aiko cewa suna tafe, kuma in suka tarar ba intanet, zancen ya mutu, kowa ya koma bin hanya mai nisa. Kullum in na zo wucewa sai Hajo ta ɗago kai ta dube ni, ni kuma in sunkuyar da nawa.

Na kira Malam Mudi ina ta zuba kamar kanya. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce gobe yana tafe in Allah ya kai mu.

Ya iso da hantsi. Ni ina ta tsuma, shi yana gaisawa da maigadi yana tambayar lafiyar iyali. Ya zauna a bencin Hajo, ta zuba masa ɗanwake, ya ce a ƙara yaji. Sannan ya juyo.

“Malama, yaushe rabon da ta yi aiki lafiya?”

“Tun kaka, Baba.”

“Me ya canza?”

“Wallahi babu abin da ya canza.”

“A dai sake tunani.”

Hajo ce ta ce, tana juya ludayi, “Malama, ba da kaka aka zuba masarar gonar makaranta a sito ba?”

Ya nuna ta da cokali. “Ɗiyata, kin ci rabin jarrabawa.”

Ta sito wayoyinmu suka bi. Inda masara ta sauka kuwa ɓera ya samu unguwa. Muka ja buhuna, sai ga waya an gaigaye ta kamar rake. Ya ba ni abin yanka, ya sa na datse, na jera 'yan siraran wayoyin ciki launi bayan launi, na matse kan da hannuna. Na ɓata na farko, ya ce ba komai, shi ma ya ɓata fiye da haka a shagon Ogo. Kwamfutocin ɗaki suka koma ganin juna. Na fara hamdala, sai ya ce in dakata: cikin gida ya gyaru, amma daga waje har yanzu ba abin da ke shigowa.

Ya duba wuta, lafiya. Ya bi wayar eriya taƙi-taƙi, lafiya. Ya jingina tsaninsa ya hau rufi, ya tsuguna a bayan farantin yana kallon inda ya fuskanta. A nan na fara lura da yadda yake ƙanƙance ido, ashe yanar ido ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma ta fara kamawa. Ya kira ni daga sama.

“Malama, idona ba ya kai wa. Wancan duhun da ke gabana mene ne?”

“Gawon Inna Tsohuwa ne, Baba.”

Sai na ji yana dariya shi kaɗai.

“Ranar da aka kafa eriyar nan, gawon na da ganye?”

Na buɗe baki na kasa rufewa. Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san halin gawo: lokacin da kowane itace ke yin kore da damina, shi zubar da ganyensa yake yi ya tsaya tsirara kamar ya mutu, sai rani ya shigo sannan ya cika ya yi duhu. Da damina aka saita farantin, saƙo na ratsa tsakanin rassa ba abin da ya tare shi. Da gawo ya yi ganye sai ya rufe hanya ruf. Dukanmu mun san gawo, da ni da shugaban makaranta da maigadi, kullum muna wucewa ta gabansa, amma ba wanda ya haɗa shi da kwamfuta. Mai ido ɗaya da rabi ne ya gano. Gaskiyar masu magana, hankali ke gani, ido gululu ne. Da wani ya fara aibata wanda ya kafa eriyar, Malam Mudi ya tare shi, ya ce yaron ya yi aikinsa daidai da abin da ya gani a ranar, itacen ne ya sake shawara.

Labari ya kai kunnen Alhaji Mahadi, shugaban ƙungiyar iyaye, mutumin kirki amma mai gaggawa. Bai yi wata-wata ba ya ce a nemo mai injin yankan itace. Kafin a kai ga nemowa, Inna Tsohuwa, mai gonar da gawon ke ciki, ta iso da sandarta. Ta wuce mu ta je ta zauna a gindinsa ta miƙe ƙafa.

“Inna, don Allah ki duba,” in ji Alhaji Mahadi. “Karatun yaran gari ne fa, har da jikokinki.”

“Mahadi, na san ranar da aka yanke maka cibi,” ta ce. “Itacen nan na tarar da shi da aka kawo ni gidan miji. 'Ya'yansa awakina ke ci duk rani. Dawar da ke fita ƙarƙashinsa ta fi ta ko'ina a gonar nan. In za ku sare shi, ku fara da ni.”

Aka yi cirko-cirko. Ni kaina, da na dubi Hajo tsaye da ludayi a hannu, zuciyata ta rabu biyu. Malam Mudi ya sauko, ya je ya durƙusa ya gaishe da tsohuwar kamar yadda ake gaida uwa. Sannan ya ce, “Alhaji, gawo ya riga eriya zuwa garin nan. Baƙo shi ke gyara zama. A ba ni zuwa la'asar.”

Ya zagaya makaranta a ƙafa, yana tsayawa yana hange, yana tambayata me nake gani. A ƙarshe ya tsaya gindin tankin ruwanmu, wanda ke kan dogayen ƙafafun ƙarfe a kusurwar gabas. Daga can sama, in ji shi, za a hango ƙarfen sabis ta gefen gawon. Matsalar ɗaya ce: tankin ya ninka rufin tsawo, kuma duk mun san 'ya'yansa sun hana shi hawa sama. Maigadi ya ce shi zai hau. Malam Mudi ya ce hawa ba wuya, saitin ne sai hannun da ya saba, kuma ba lokacin koyarwa a sama.

Ya ɗaura igiya a ƙugu ya yi bisimilla. Rana na dukan ƙarfe, yana hawa yana hutawa, mu a ƙasa ba mai numfashin kirki. Hajo ta bar tukunyarta ta zo ta riƙe ƙafar tsani tana ta salati. Da ya kai, ya ɗaure farantin, ya ce in shiga ɗaki in tsaya gaban kwamfuta in riƙa faɗa masa ƙarfin sabis, tunda shi ba ya iya karanta ƙananan rubutu. Ina faɗa ta taga, Hajo na ɗaga murya tana miƙa masa. “Baba, ya ƙaru!” “Baba, ya ragu, koma inda ka fito!” Yana juya farantin kaɗan-kaɗan kamar mai neman tasha a rediyo. Can sai layukan suka cika, shafin da ya yi watanni yana juyi ya buɗe fes. Na ƙwala ihun da bai dace da malamar makaranta ba.

Da ya sauko, ya zauna a ƙasa ya sha ruwa. Sai ya kira mu, ni da Hajo, ya nuna mana wani ɗan baƙin akwati da ya jona a soket ɗin ɗakin injin ruwa. Ya ce ta nan eriya ke shan wuta, in ƙaramar fitilarsa ta mutu, eriya ta mutu. Ya dubi tankin ya ce, “Wannan shi ne hawana na ƙarshe.” Ban yi tsammanin da gaske yake ba. Inna Tsohuwa ta aiko masa da zabo, ya karɓa da hannu biyu.

Masu duba cibiyoyi suka zo suka gani, suka amince. Aka sa Hajo a cibiyar garinmu, tafiyar da ba ta wuce daga ƙofar gidanta zuwa inda take ɗora tukunya ba.

Ranar jarrabawa gari ya cika. Ɗalibai sun yi layi tun da sanyin safiya, Hajo na cikinsu da sabon hijabi, ba tukunya ba ludayi. Ana dab da fara shigar da su, jami'in da aka turo ya fito ya ce mini intanet ta ɗauke, tambayoyi sun ƙi saukowa. Ya ce zai ɗan jira, amma in ba ta dawo ba dole ya sanar da na sama, a mayar da ɗaliban wata cibiyar a wata ranar. Ido ya raina fata. Na kira Malam Mudi, matarsa ta ɗauka ta ce suna asibiti a Zariya, yanzun nan aka shiga da shi aikin ido.

Na tsaya tsakar makaranta. Na duba gawo, yana inda yake. Na duba tanki, faranti na nan daram. Ban san lokacin da na faɗa da ƙarfi ba, da muryar da ba tawa ba: “Jiya ta yi aiki lafiya. To me ya canza?”

Daga cikin layi Hajo ta ce, “Malama, injin ruwa.”

“Me ya samu injin ruwa?”

“Kuka yake tun ɗazu. Shekara nawa ina zama ƙofar nan, ba a tada shi sai bayan la'asar.”

Muka ruga ɗakin injin, ita a gaba ni a baya. Ashe maigadi, bawan Allah, ya ga baƙi sun cika gari, ya ce ba za a ji kunya a ce mutane sun nemi ruwan sha da na alwala sun rasa ba. Soket ɗin injin ya ƙone a makon, sai ya zare ɗan baƙin akwatin nan ya jona injin a wurinsa. Karamci ne ya kusa kashe mu. Hajo ta zare fulogin injin ta mayar da na eriya da hannunta. Muka tsugunna muna kallon 'yar fitilar nan kamar masu duban wata. Ta kama. Kafin mu kai ƙofar ɗaki jami'in ya leƙo ya ce a fara shiga.

Hajo ta gyara hijabinta ta koma wurinta a layi. Ni kuwa na shiga ofis na rufe ƙofa na yi kukana mai isata.

Malam Mudi, ranar nan kana kwance a Zariya an rufe maka fuska, ba ka san abin da ake ciki ba, amma kai ne ka yi gyaran. Da kana cikin masu juya wa mutane baya su ɓoye sani, da ranar nan mun tsaya muna kallon juna har a kwashe yaranmu. Ka yi shekaru kana raba abin da wasu ke kullewa, kana rage wa kanka kira da gangan, kuma ban taɓa jin ka yi da-na-sani ba. Ina kira ga duk mai sana'a a ƙasar nan, makanike ne ko mai gyaran sola ko malamin aji irina, ya dubi dattijon nan. In ka gyara wa mutum abu, tsayar da shi ya gani. Ranar da ba ka nan tana zuwa, kuma a ranar ne za a san irin aikin da ka yi.

Da sakamako ya fito, ni da Hajo muka hau mota zuwa Funtua. Ta dafa ɗanwake ta cika kwano, yaji a gefe. Muka same shi zaune a zaure da baƙin tabarau irin na masu sabon aikin ido, jakar fatar na rataye a ƙusa a bayansa. Muka gaisa, muka yi masa ya jiki. Ya ce alhamdu lillahi, yanzu har zanen tabarma yana gani. Na ba shi labarin injin ruwa, ya yi dariya har sai da matarsa ta leƙo ta ce likita ya hana. Sannan ya zare tabarau a hankali ya dubi Hajo, ya ce yau ne ya fara ganin fuskarta sosai.

“Ɗiyata, na ga bakinki ya ƙi rufuwa. Me ya canza?”

Ta ajiye kwanon a gabansa, ta durƙusa.

“Baba, garinmu ya kusa samun ungozoma.”

Ya mayar da tabarau da sauri, ya ce hasken ne ke sa masa hawaye. Ba wanda ya musa masa.

Mun gode, Mudi Mai Waya. Hajo ta gode, Inna Tsohuwa da awakinta sun gode, matan da za su haihu a garinmu ba tare da an ɗauke su a mota ba su ma za su gode, ko da ba su san sunanka ba. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka huta lafiya. Gawon yana nan ya fara zubar da ganye, damina ta kusa.